Takardar Tarar Mamani

Malama Aisata, ki taimake ni, kuma don Allah kada ki fara da cewa in yi haƙuri, haƙuri na sha shi har ya gundure ni. Ni direba ne a Dakoro, ina da kamyo na kaina, babbar motar kaya, ina kai gyaɗa da mutane Maraɗi. Kamyo biyu ne a garin, nawa da na Mamani, ɗan gwaggona, taubashina. Tare muka tashi, ni na koya mashi riƙe sitiyari. Motarsa tsohuwa ce da wani Bature mai kanti ya gaji da ita ya sayar. Tankin ruwanta da sabulu ake toshe shi, kuma ba ta tashi da safe sai rabin unguwa ta tura.

To bana, da aka buɗe cinikin gyaɗa, sai ga Mamani da wata takardar tara, wai jandarma masu tsaron hanya ne suka ba shi a Sabon Maci saboda gudu ya yi yawa. Ni na ɗauka abin kunya ne, har na shirya zuwa yi mashi jaje. Ina isa na tarar ya kai ta wurin kafinta an yi mata gida na katako da gilashi, ya rataye ta gaban mota kamar laya. Yanzu duk wanda zai tafi Maraɗi motarsa yake nema. Mai kalangu na bakin kasuwa ya yi mashi kirari, wai Mamani iska, wanda Nasara bai cim masa ba sai da alƙalami. Mutanen ƙauyen Bader Goula da na yi shekaru ina ɗauka, har bashi, sai su gaishe ni su wuce da kayansu. Shi yana cika tun hantsi, ni ina zaune har azahar ina jiran mutum.

Kin san wasan taubashi ba a fushi da shi. In ya zo wucewa sai ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko gyaɗar da na ɗauka ta tsiro kafin in kai, ko kuwa in ba shi saƙo ya gaya wa mutanen Maraɗi ina nan tafe baɗi. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, haƙorana kawai.

Abin da ya sa na zauna gaban mai rubutu shi ne wannan. Ƙanwar matata ta haihu a Maraɗi. Ranar suna, matata Habi, wadda ke cin tuwon motata, ta ɗauki ƙwaryarta ta hau motar Mamani a gaban idon tasha duka, wai tana so ta isa kafin a yanka rago. Ta dawo tana ba mata labarin yadda iska ta fizge mata kallabi a hanya, tana dariya. Tun da na aure ta kallabinta bai taɓa faɗuwa a motata ba, kuma ban taɓa jin ta gode ba.

Malama, na rantse motar nan ba ta gudu. Na sha tarar da ita kafe cikin rairayi ana sa mata kara a ƙarƙashin taya. Zuciyata ta ba ni takardar nan ta jabu ce, wani mai ilimin boko ya rubuta mashi, hatimin kuwa an sassaƙa shi da guntun taya. Na leƙa ta da kyau. Ba na karanta Faransanci, amma ta yi tsabta da yawa, ko lanƙwasa babu, alhali abin da ya fito daga aljihun jandarma ba ya rasa gumi.

Ta yaya ake gane ta gaskiya? Ina da hanyar da zan ciro ta daga motar in kai wa kumandan, Baturen da ke mulkin garinmu, ya duba, a tona shi kowa ya huta. In kuma ta gaske ce, yaya ake samun irinta? Na gwada taka mota a gaban gardi, dogarin kumandan, ƙura ta tashi, ya ɗaga hannu ya yi mini sannu da aiki.

Naki,
Mai Kamyo Ɗaya Cikin Biyu, Dakoro

*

Mai Kamyo,

Wasiƙu da yawa sun zo mini daga waɗanda aka ci tara suna kuka. Kai ne na farko da ke kuka don ba a ci shi ba.

Ga amsar tambayarka, tunda wasu direbobi za su karanta. Takardar gaske tana ɗauke da rana da wurin da aka yi laifin, da lambar mota, da sunan direba yadda yake a cikin permi, takardarsa ta tuƙi, da sa hannun jandarman da hatimin ofishinsu. Tana da lamba, kuma tana da ƴar'uwa mai lamba ɗaya da ta rage a littafinsu. Wanda aka kawo wa ita, ya nemi mai karanta Faransanci wanda ba abokin mai kawowar ba ne, sannan ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jandarma a haɗa biyun. Kuɗi kuma a can ake biya, a karɓi shaidar biya. Duk wanda ya ce a ba shi a hannu ya rage maka wahala, ya rage wa kansa ne. Tsabtar takarda ba hujja ba ce, akwai jandarma masu wanke hannu.

Sai dai mai takarda ne ke zuwa ya tambaya, kai kuwa ba taka ba ce. In ka ciro ta daga motarsa, laifin farko da kumandan zai gani naka ne. A ce ma ya kau da kai. In ta gaske ce, ka ɗauki ƙafarka ka samo wa Mamani shaidar gwamnati ta biyu, mai kalangu ya ƙara baiti, kuma da sunanka a ciki. In ta jabu ce, sassaƙa hatimin gwamnati ba wasan taubashi ba ne, gidan kaso ne. Tasha za ta zama taka kai kaɗai, haka ne. Gwaggonka kuma, wadda ke ci daga motar nan, kai za ka riƙa kai mata hatsi, ka tsuguna ka gaishe ta, ta amsa ko ta ƙi. Ka auna wannan tun kana gida.

Ban wanke Mamani ba. Jandarma ba shi da ma'aunin gudu sai idonsa da ransa. Mota mai tari ma, in ta ratsa Sabon Maci ranar kasuwa ta watsa awaki da masu tallar fura, za a rubuta mata gudu. Abin da ya rataye cikin gilashi shaida ce cewa ya kusa taka wani. Mutumin da aka yi wa kirari da gudu dole ya yi ta gudu don kada kirarin ya kunyata, da tsohuwar mota, da mata da jarirai a kan buhuna. Kai ka koya mashi tuƙi, kai ke da bakin gaya mashi haka, ku biyu, ba a tasha ba. In ya ji a muryarka tsoro ne ba hassada ba, zai saurara. Ka gyara muryar tukuna.

Batun Habi, na karanta wurin sau biyu ban ga inda ta zaɓi Mamani ba. Rago ta zaɓa. Mota ɗaya ta tashi da hantsi, ɗaya tana jiran azahar, suna kuwa ba ya jira. Ka ce mata ranar ka ji zafi, hakanan a fili, za ta fi gane wannan da ɗaure fuskar da nake zaton kana yi mata. Sannan ka sa wa motarka lokaci. Ka sanar ranar kasuwa cewa kana tashi bayan asuba, ta cika ko ba ta cika ba, ka kuma tashi. Makonnin farko za ka yi asara. Amma wanda ya riga tashi ya riga isa, ko da bai fizge kallabin kowa ba.

Gaban gardin nan kuwa ka daina takawa, wata rana zai gaji da yi maka sannu.

Allah ya tsare hanya, ya bar zumunci. Kuma ka sani akwai irinmu cikin masu tafiya, muna da yawa, ba mu da mai kalangu ne kawai. Ni in na shiga mota na ji ana yabon direba da gudu, jakata nake ɗauka in sauko, in rufe mashi ƙofarsa a hankali, in tafi neman wani.

Aisata