Ranar da ka jira ni a ƙofar gidan Kefas

Kawu Bitrus,

Gaisuwa mai yawa daga Ingila. Yaya ƙafar Inna Leah? An gama girbin dawa? Ni lafiya lau nake. Sanyi ne kawai ke hana ni barci wani lokaci, kada ka faɗa wa Inna.

Malamata a jami'a ta karanta binciken da na rubuta kan zumuntarmu ta masu addu'a a kan dutse. Da farko ta ce yabo ya yi yawa, kamar waƙar bikin coci. Na yi kuka, amma ya wuce. Abin da ya cece ni shi ne hirar da na yi da Kefas na garin Bena, wanda ya bar zumuntar da fushi.

Kawu, kai ka goya ni a babur zuwa gidansa, alhali kun daɗe ba kwa ga maciji. Ka zauna a waje cikin rana don ya saki baki. Ya kuwa saki, kuma sunanka ya fi fitowa. Wasu maganganun sun yi mini ciwo, amma ban cire ko ɗaya ba. Na san dattawan zumunta za su ga laifinka don ka kai ni wurinsa. Na gode, Allah ya saka maka.

Ban daina addu'armu ba. Roƙona ɗaya ne: ka kai wa Kefas gaisuwata, amma wannan karon ka shiga ciki.

'Yarka,
Rahila