Koke Yaran Ƙarshen Magudana Suka Kawo, Ba Tawaye Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani a gefen madatsar ruwa ta Zobe.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ranka ya daɗe, mutane da yawa ba sa bambance mai koke da ɗan tawaye. Da ƙarami ya buɗe baki a gaban manya, sai a ce ya yi tawaye. Kai ma haka ka ce a taron da ya wuce. Ni malamin makaranta ne, matasan da ka kira da wannan suna kuma ɗalibaina ne. Ni na lallashe su suka fasa tafiya ci-rani Kudu, suka kama noman albasa a ƙarshen magudana.

1. Tawaye shi ne mutum ya ce bai yarda da shugabancinka ba, ya nemi ture ka. Bore shi ne taro ya harzuƙa ya tashi, har a yi ɓarna. Bijirewa kuwa, a ba mutum umarni ya ƙi bi. Wanne yaran nan suka yi? Ranar da ka ce a yashe magudana, su suka fara shiga laka.

2. Abin da babbansu Sanusi ya kawo koke ne. Sai da ya durƙusa ya gaishe ka, sannan ya ce idan rabon ruwa ya zo kansu, masu gonakin sama ba sa toshe hanyoyin ruwansu, ragowa kawai ke isowa. Ba a kai koke sai wurin wanda aka yarda shi ne shugaba.

3. Ka sa an rufe musu ruwa, wai sai sun tuba. Ganyen albasar ya fara bushewa. Kuma ka san nauyin kalmar tawaye a yankinmu yanzu. Tuni 'yan sintiri suka tare Sanusi a hanyar Kurfi, suna tambayarsa da su wa yake hulɗa.

Ba za su tuba ba, Alhaji. Ni na hana su, don ba su yi laifi ba. Taro mai zuwa ni zan shige gaba, mu gaishe ka, mu maimaita koken.

Roƙona shi ne ka buɗe ruwan, ka kuma janye kalmar a gaban waɗanda suka ji ta. Kafin nan, ka taka da kanka zuwa gonar Sanusi, ka tura yatsa cikin ƙasar, sannan ka zaɓi sunan da ya dace da abin da ya faɗa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a shugabancinka.

Wassalam.

Malam Lawal, Dutsin-Ma