Lauyar Da Ta Cece Ni Ta Dawo Mana Da Dambun Nama

Gwaggo Dela, ki taimake ni don Allah, kafin a buɗe ambulan ranar Asabar. Na rasa tudun dafawa, kuma wannan magana ba wadda zan kai wa abokai a majalisa ba ce.

Ni Bahaushen Sudan ne, ina aiki a shagon kayan mota a Bani Malik, nan Jidda. Shekarun baya na nemi hutu wurin kafilina na farko, wato uban gidan da takarduna ke hannunsa, don in je in duba mahaifiyata da ke kwance. Muka yi sa-in-sa, shi kuma ya je ya rubuta cewa na gudu daga aiki, abin da muke kira hurub. Wanda bai taɓa zama baƙo ba ba zai gane ba. Iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, ta zama takardar banza, aiki ya tsaya, ko motar 'yan sanda na hango daga nesa sai gabana ya faɗi. Matata Sadiyya kuwa tana ɗauke da tsohon ciki.

A wannan hali Allah ya haɗa ni da wata lauya, Ustaza Bayan. 'Yar ƙasa ce, amma kakarta Bakanuwa ce da ta zo Hajji ta zauna. Tana jin Hausa sarai, sai dai in ta tashi mayarwa rabi Larabci ne, har ita ma ta yi wa kanta dariya. Baiwar Allahn nan ba ta karɓi ko sisina ba. Ta yi ta safa da marwa tsakanin ofishinta da ofishin ƙwadago har aka cire min hurub, aka mayar da ni hannun wani kafili mai mutunci. Da Sadiyya ta sauka ta sami 'ya mace, ban yi shawara da kowa ba, na sa mata Bayan. A gida Ustaza muke kiranta, don bakina ba ya iya kiran sunan gatsau. Tun daga nan kowace Sallah Sadiyya kan yi dambun nama ta kai gidan mahaifiyar lauyar a unguwar Madain Fahd, su karɓa da murna, su goya takwara. Wallahi Gwaggo, ko yanzu da nake rubutu idona ya kawo ruwa. Ina son matar nan kamar yayata ta ciki ɗaya.

To ga inda gizo ke saƙar. Wata gidauniyar agaji ta ware kuɗi don a ɗauki ofishin lauyoyi guda da zai riƙa tsaya wa mutanenmu marasa ƙarfi a shari'ar aiki da ta takardu. Suka ce ba za a ba kowa a bayan fage ba, sai an yi sanarwa, ofisoshi su kawo tayinsu a rufe cikin ambulan, a buɗe gaban jama'a. Suka kuma nemi 'yan unguwa a kwamitin zaɓe, aka sa ni, wai don na ɗanɗani abin da bakina. Na yi ta murna har sai da na ga jerin masu nema. Ƙaramin ofishin Ustaza Bayan yana ciki. Akwai kuma wani babba, mai lauyoyi da yawa da tafinta ɗan Nijar mai jin Hausa da Zabarmanci, kuma an ce suna zuwa har wurin da ake tsare waɗanda za a kora gida. Ita kuwa ita kaɗai ce da mataimakiya.

Na sami shugaban kwamitinmu, Alhaji Abduljalil, dattijo ne da nake ganin girmansa, na gaya masa abin da ke tsakanina da ita. Ya ce in kama bakina, nan Jidda wa bai san wani ba, in za a bi ta wannan ai kwamitin watsewa zai yi. Ya ce kuma ai alherin da ta yi min shi ne babbar shaidar cewa ta cancanta. Maganarsa ta yi min daɗi, ba zan ɓoye miki ba, don zuciyata dama can take.

Sai ga Babbar Sallah. Sadiyya ta yi dambunta kamar kullum, ta kai. Washegari direban gidansu ya dawo mana da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba, da saƙon cewa Ustaza tana gaishe mu, a yi haƙuri bana. Na kira ba ta ɗauka ba. Kin san mu, a mayar maka da kyauta ai zagi ne da ba a furta ba. Sadiyya ta yi kuka, ta ce ko an kai mata wata magana ne a kanmu, ko kuwa ta gaji da talakawa.

Gwaggo, me na yi mata? In na zauna na zaɓe ta, shi ne zai wanke ni a wurinta? In na janye, ashe ban zama butulu ba, a ranar da hannuna ya isa in rama? Ki ɓoye sunana.

Mai godiya, Bani Malik, Jidda

*

Ɗana Mai godiya,

Na ɓoye sunanka kamar yadda ka roƙa, amma mutumin da ya faɗi unguwarsa da sana'arsa da sunan 'yarsa, ban san me ya rage a ɓoye ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa shirun da Alhaji ya ba ka shawara ba zai yi aiki ba. Waɗanda suka ci tuwon suna suna nan da ransu.

Mu fara da kwanon, don a share wa Sadiyya hawaye. Ban san Ustaza Bayan ba, amma ban ga alamar fushi a abin da ta yi ba. Lauya ce, ta san sunanka yana kwamitin da zai duba tayinta. Da ta karɓi dambun nan, gobe wanda bai samu ba sai ya ce ana kai-kawo tsakanin gidanka da nata, kuma ba wanda zai tsaya tambayar wa ya ba wa. Ta kare sunanta, ta kare naka. A ganina wannan alheri na biyu ne ta yi maka, kai kuma ka karanta shi da idon al'adarmu. Laifinta ɗaya, da ta yi wa Sadiyya bayani ko a taƙaice.

Alhaji Abduljalil bai yi ƙarya ba, jama'arku kaɗan ce, kowa ya san kowa. Amma maganin sanayya shi ne a faɗe ta a fili. Ka rubuta wa gidauniyar yau, ka kuma faɗa gaban kwamiti kafin a taɓa ambulan: ta tsaya min a shari'a kyauta, 'yata takwararta ce. Ka nemi a tambayi kowane ɗan kwamiti haka, har da Alhaji, cikin ladabi. Sannan ka janye daga ba da maki da jefa ƙuri'a.

Janyewa ba ta hana ka amfani. Ka ba su shawara, tun ambulan na rufe, su tsayar da abin da za a auna kowa da shi: wa zai je wurin tsararru, wa zai ji yaren mai ƙara, wa zai ɗauki waya in an kira. Ka nemi a sanar da waɗanda ba su samu ba dalili. In an buɗe ƙofar shaida ga duk wanda wani ofishi ya taɓa yi wa aiki, ka tashi ka faɗi naka da babbar murya, a matsayin wanda aka taimaka, ba alƙali ba.

Batun butulci kuwa, ka kwantar da hankalinka. Godiya da abin hannunka ake yinta, kwangilar nan kuwa ba taka ba ce. Ta mutumin da za a rubuta wa hurub gobe ce, wanda bai san ka ba, bai san Ustaza ba, matarsa na gida tana jira. Wataƙila ita ce ta fi dacewa da shi, wataƙila babban ofishin ne. In ta samu ba da hannunka ba, ba mai iya ɗaga mata yatsa. In ba ta samu ba, ta rasa kwangila ne kawai. Amma in ta samu da ƙuri'arka aka zo aka tono, sunanta ne zai zube, kuma kai da kake ƙaunarta kai ka zubar.

Ka tashi daga kujerar nan, ɗana, ka bar ta ta ci ko ta faɗi da mutuncinta. Allah ya raya Ustaza ƙarama, ya sanyaya zuciyar Sadiyya, ya ba mai rabo sa'a ranar Asabar.

Gwaggo Dela