Layi Ɗaya a Faifan Tarig

Abbasiya, Alƙahira
9 ga Maris, 2014

Yaya Azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Baba?

Maganar barin karatu in dawo gida, na janye ta.

Kin san damuwata: wata takwas a garin nan, in na shiga mota sai kallo, in na yi Larabcin littafi sai dariya. To, akwai maƙwabci a saman ɗakina mai dukan ganguna kullum da la'asar. Na hau in yi masa faɗa, ina ta harhaɗa Larabci, sai ya ce da Hausa in shigo in sha shayi tukuna.

Sunansa Tarig, Bahaushen Sudan. Shi da abokansa uku suna wani kiɗa wai shi pank, jita mai ƙara, waƙar kuma ihu zalla. Faifai suke haɗawa, duk a kan baƙunta. Ya ce a Sudan ɗan Najeriya ake ce masa, a nan ɗan Sudan, da ya je Kano aka ce Balarabe. Da ya fassara mini baitocin, kamar daga cikina aka kwaso su. Yanzu ni ke gyara musu Hausar waƙar ƙarshe.

Ƙaninki,
Nata'ala

22 ga Yuni, 2014

Yaya Azumi,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya damina?

Faifai ya fito, kuma ma'alish, wato ki yi haƙuri, da muryata a ciki. Mawaƙinsu Bamisire ne, Hausar ta gagare shi, suka tura ni na rera. Layi ɗaya ne: “Ni ma nan nake kwana, nan nake tashi.”

Ranar Juma'a aka ƙaddamar da shi a wani ɗan zaure a unguwar Dokki. Na zaci faɗa zan sha da na hango Badamasi, shugaban ɗalibanmu, a bakin ƙofa. Da aka zo layina, samarin Masar wajen sittin suka ɗauka da ƙarfi, Hausarsu a karkace. Hajiya Fatna, mahaifiyar Tarig, ta toshe kunne da mayafi tana dariya har da hawaye. Tare da Badamasi muka koma gida a jirgin ƙasa na metro. Ya ce kiɗan dai ciwon kai ne, amma shekararsa shida a nan, ba wanda ya taɓa faɗa masa abin da layin nan ya faɗa.

Na ci jarrabawar nahawu, wannan ki gaya wa Baba yau. Maganar faifai kuwa ki bar mini, da bakina zan faɗa masa.

A shafa mini kan yara.

Naki,
Nata'ala