Ni Na Ɗaga Hannun Halliru

Litinin, 8 ga Maris, 1971
Takarda ta iso gidan wayan Karaye. Rundunar sojan ruwa ta ajiye jirginmu na share nakiya, za a sare shi. Sun haɗo da tarihin aikinsa. Shekara uku muna jan waya a bakin teku, muna yanko nakiyoyin da aka dasa, su taso mu harbe su. Tarihin duka shafi biyu ne. Abokina Halliru layi ɗaya ya samu: ya faɗa ruwa, ba a ga gawarsa ba.

Laraba, 10 ga Maris
Ban fita ba. Na ce wa matata ciwon kai ne.

Juma'a, 12 ga Maris
Bayan masallaci Malam Sulle, mahaifin Halliru, ya tare ni a Rogo. Labarin takardar har ya kai garinsu, Fulatan. "Ƙasimu, ka zo ka karanta mini, ni ban san bokon nan ba." Na ce to, Baba.

Asabar, 13 ga Maris
Na karanta masa. Wuraren da jirgin ya yi aiki: Legas, Boni, Kalaba. Da na zo layin Halliru na tsallake. Ya sake tambayar da ya yi mini bara: da aka binne Halliru, an fuskantar da shi alƙibla? Na sake cewa e. Ya sa mini albarka, har da gyaɗa kwano biyu. Kunya, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Talata, 23 ga Maris
Bari in rubuta. Ranar ɗaukar aikin soja aka tambaya, wa ya iya iyo, a kai shi sojan ruwa? Ni kududdufin Rogo na sani, na ɗauka iyo ke nan. Halliru ko kududdufin tsoronsa yake. Ni na ɗaga hannunsa, don kada a raba mu. Ranar da waya ta tsinke ta fizge shi, ina tsaye ina kallo. Ban shiga ruwan ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu
Malam ya aiko. Wai in raka shi Boni kafin damina, ya yi addu'a a kan kabarin da na ce masa yana can.

Asabar, 3 ga Afrilu
Na je Fulatan. Na karanta layin, na faɗi sauran da bakina. Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ruwan, ta ina yake daga nan?" Na nuna kudu. Ya gyara zama, ya ɗaga hannu yana addu'a. Bai dube ni ba, amma ya matsa mini wuri a kan buzun. Na zauna.