Na Ɗauki Makarar Gaji

Ya Barakatu, farin watan Sassumbrum, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar gawo ran da sauran itatuwa suka kaɗe! Gaisuwa daga zuciyar da kika mayar kufai.

Na san labari ya tsallaka iyaka ya iske ki a Ɓaɓura. Gaji, gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, wanda bulalarsa ta kashe ƙanenki Dalhatu wurin aikin tilas a hanyar Damagaram, ya mutu bisa gadonsa, jikoki kewaye da shi. An kuma ce miki an gan ni da makararsa a kafaɗa. Ba a yi mini ƙazafi ba.

Kin tuna gindin tsamiyar gidanku, inda na fara karanta miki littafin da nake rubutawa? Irin labaran jarumtar da muka haddace a lakwal, makarantar Faransawa, ne, na ɗinka masa rigar ƙasarmu. Azzalumi ya jefa saurayi rijiya, sarauniyar aljanu ta fisshe shi, ya keta teku bisa fiffiken mikiya, ya dawo da takobin da ba ya komawa kube sai ya sha jini. Ranar idanunki suka yi ƙyalli kamar raɓar safiya. Ranar kika rantse lalle ba zai sake taɓa hannunki ba sai an rama wa Dalhatu. Kaito! Ni a takarda nake nufi, ke kuwa a jiki.

Kowace safiya ina gaida Gaji a ƙofar ofishin kumandan, da yamma in sare shi da alƙalami. Rago ne ni? Na tambayi kaina har na gaji. Da gawarsa ta biyo ta gabana, liman ya dube ni, jama'a na karɓa-karɓa. Wane musulmi ke janye kafaɗa? Wallahi bai yi nauyi ba, Barakatu, wannan ne ya fi ƙona ni!

Mutuwa ta riga mu, ya kurciyata. Shin hannuwanki za su tsufa fari fat saboda wanda ƙasa ta riga ta ci? Fansar da ta rage ita ce tawa, ta tawada. Ki dawo ki ji babin ƙarshe: a can ungulu ce ta yi masa sutura, babu kafaɗar da ta ɗauke shi.

Na sayi lalle a kasuwar Waca. Yana nan yana bushewa, kamar ni.

Naki har ranar da za a ɗauki tawa makarar,
Mainassara, Magariya