Janar Ba Takobi

Lahadi, 5 ga Mayu

Ana sanar da jama'ar Zango, manya da yara, har da waɗanda ba su tambaya ba, cewa takobin Janar ya karye. Ba a fagen fama ba. Daga kan kantar ɗakina ya faɗo ina kakkaɓe ƙura.

Shi Janar, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, na dalma ne, cikin sojojin da ni da Tchakoura muka tsinta a kayan gwanjon bakin tashar jirgin ruwa tun muna da gashi. Kowace Lahadi muna jera su a kan tsohon ƙyaure a bayan shagonsa na gyaran agogo, mu auna tafiyarsu da tef ɗin tela, ƙwayar lido ta yanke wanda ya mutu. Malamin tarihi da mai gyaran agogo, da furfurarsu.

Matata Radiyya ce mai liƙa abin da ya karye. Ita ta zana musu idanu da tsinken lalle. Tun rasuwar mahaifiyarta tana unguwar Adidogomé, gidan ƙaninta. An yi arba'in. Ba ta dawo ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Na soya ƙwai. Ƙwan bai amince ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Tchakoura ya ga takobin ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Wai ya samo sabon salo a wayarsa: walimar sulhu. Ba harbi, ba sara. Rundunoni biyu a tsakar gida ɗaya, ka matsa da mutuminka kusa da na abokin gaba, ka faɗi da bakinka abin da zai ce, sannan a jefa ƙwaya. Abin da manzo ya samo rabi ake ƙirgawa. Shugaba in ya je da kansa yana iya ba da zagayensa duka yana sauraro, bai ce uffan ba, wai wannan ya fi maki.

Na ce masa wannan ba wasa ba ne, ɓata Lahadi ne. Wa ya taɓa cin yaƙi da yin shiru?

Na ajiye Janar can baya cikin dogarai, yadda duk mai hankali yake yi, na tura manzanni da jawabai masu daɗi. Har Tchakoura ya tafa wa ɗaya. Ya cinye ni.

Juma'a, 17 ga Mayu

Bayan masallaci na roƙi Kawu Salifou ya je mini biko. Haka aka saba: miji ba ya kai kansa kamar mai tallan koko, dattijo ake turawa, da goro. Na tsara masa abin da zai faɗa, gaɓa ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Ya dube ni ya ce, "Abdulrazak, aike ka ba ni ko jarrabawa?"

Ya dawo da la'asar. An karɓe shi hannu biyu, an ba shi wake da shinkafa, an karɓi goron. Game da ni kuwa, wai ta ce ta gaji da zama da rediyo. Muryarsa da daɗi, amma ba ya jin kowa.

Magana mai kyau. Da ni na yi ta da na maimaita ta sau goma.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ruwa ya cika lungu, na isa shago da wando a naɗe. Walima kuma. Na ƙara yawan manzanni. Tchakoura ya ɗauki sarkinsa, wani mai guntun hanci, ya taka da shi tsakiyar mutanena shi kaɗai, ya harɗe hannu yana kallon silin. Na tambaye shi me sarkin nasa yake yi. Ya ce yana jin koken mai dafa abincina.

Ba ni da mai dafa abinci, na ce. Ya ce, bon, shi ya sa.

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya cinye ni.

Talata, 4 ga Yuni

Na tura liman. Na tura matar Tchakoura da turmin atamfa. Atamfar ta zauna, matar ta dawo da labari: bayan Babbar Sallah Radiyya za ta bi yayarta Kumasi, za su buɗe shago. Ba ziyara ba.

A aji ina koyar da yarjejeniyoyin da Turawa suka ƙulla a bakin tekun nan, na tsaya tsakiyar jimla na manta inda na nufa. Yara sun ɗauka salo ne.

Asabar, 8 ga Yuni

Kwalbar lallenta tana nan kan taga. Ta bushe. Ban san me ya sa na ƙara mata ruwa ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Na je. Ba wanda ya aike ni, ban aiki kowa ba. Zemijan, wato ɗan acaɓa, ya sauke ni bakin kasuwar Adidogomé, na ƙarasa a ƙasa, Janar a aljihu. Hujjata ke nan: na kawo gyara.

Na same ta tana ɗaure kaya, gidan duk ƙamshin soyayyen naman layya. Ta ce sannu da zuwa Malam, ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Na shirya barkwanci tun daga hanya, kan raguna da tsadarsu. Na buɗe baki, sai na tuna mai guntun hanci. Na rufe.

Ta jira. Da ta ga da gaske ba abin da ke zuwa, ta fara. Kan Inna, mahaifiyarta. Yadda take juya ta a gado, yadda a kwanakin ƙarshe tsohuwar take kiran ta da sunan wata ƙanwar ita Innar da ta rasu tun suna yara. Ban san da ƙanwar ba. Ta ce ta taɓa faɗa mini. Ta yi magana har inuwa ta bar tabarmar. Ban taɓa sanin muryarta tana yin ƙasa haka in ta daɗe tana magana ba.

Can ta ce, "Ranar da Kawu ya zo, na yi wanka na sa turare. Da ya yi sallama na leƙa bayansa. Har bakin ƙofa na fita na leƙa, Malam."

Ban ce komai ba. Wannan karon ba dabara ba ce.

Na fito da Janar. Ta juya shi a tafin hannunta, ta goge masa fuska da bakin mayafi, ta ce guntun ya yi ƙanƙanta, ba zai liƙu ba. Ta miƙo mini shi. Motarsu ta Asabar ce.

Asabar, 22 ga Yuni

Na kai su tasha. Na ɗauki jaka biyu. Ta ce in riƙa rage wuta in zan soya ƙwai.

Lahadi, 23 ga Yuni

Tchakoura ya jera bindigogi da dawakai, wai yau a koma yaƙi, ko zan ɗan sake. Na ce ya kwashe, a yi walima.

Na ɗauki Janar na ajiye shi gaban mai guntun hanci, ba dogari ko ɗaya. Na harɗe hannu. Muka zauna haka, agogunan shagon kowanne da lokacinsa. Bai miƙo ƙwayar ba, ni ma ban nema ba.

Na rubuta can sama cewa wannan ɓata Lahadi ne. A soke wurin.